Takardar da Laraba Ta Wanke

Ni jikan Atiku ne, Atiku ɗan Malam Sambo na Gwandu, saboda haka kada wani ya ce na ɗauki tsintsiya na shiga gidan mutane. Gidanmu ne, sharar ma tamu ce. A gidanmu in an tuna Laraba, fararen riguna ake tunawa. Tsofaffinmu sukan ce, "Allah ya jiƙan Laraba, tun da tat tahi ba a ƙara ganin hwari ba gidan ga." Daga nan sai a shiga wata hira. Ban taɓa jin wanda ya ɗora da yadda aka yi ta tafin ba, sai da na bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya ina tono.

Laraba baiwa ce. An kawo ta Gwandu tana ƙaramar yarinya daga wani gari na kudu wanda ita kanta ba ta riƙe sunansa ba, aka shigo da ita gida ranar Laraba, sunan ya bi ta. Mahaifin Malam Sambo ne ya saye ta, Malam ya gaje ta. Ta yi aure da wani bawan gona na gidan, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Jummai. Duk abin da ta mallaka a duniya ke nan, in ma ana iya cewa baiwa ta mallaki wani abu.

Aikinta wanki ne. Gidan kuwa ba ƙarami ba ne, mutum ashirin da 'yan kai, ga baƙi ba sa yankewa. Can bayan gida, kusa da rijiya, akwai wani lungu da ta kewaye da zana, kowa na ce masa wurin Laraba. Da ka shiga, randuna uku ne a jere ta hannun dama: ta jiƙo, ta wanki, ta ɗauraya, kuma ƙwaryar wannan ba ta shiga waccan. Akwai faffaɗan dutse da ta sa aka ɗauko mata daga tudu, ya yi sulɓi saboda cuɗa. Akwai gungumen bugu da mabugi biyu a ƙarƙashin rumfa. Sabulun salo ita ke dafa abinta da tokar karan dawa da man kaɗe, ta dunƙula, ta jera a tukunya ta rufe. Igiyoyin shanya huɗu ne, na rama, ta maza daban, ta mata daban, ta yara can ƙasa, ta huɗu kuwa ta Malam ce shi kaɗai, ko da babu komai a kanta. Ruwan wanki ta yi masa hanya zuwa gindin wani lemun tsami, lemun kuma da shi take cire jan goro daga wuyan riga.

Ranaku ma ta raba su. Asabar da Lahadi kayan yara, don su ne ba sa ƙarewa. Litinin zannuwan mata. Talata gwado da shimfiɗu. Laraba da Alhamis fararen maza da rawuna, a wanke, a shanya, a buge, a ninke, a saka cikin adudu kafin Juma'a. Kore, wato rigar da aka rina da shuni har tana ƙyalli, ba ta yarda ruwa ya taɓa ta, sai dai bugu. In ka kawo rigarka ba ranarta ba, ko kai wane ne, za ka koma da abinka. Atiku, wanda ta goya a bayanta yana jariri, ya sha komawa da tasa yana ƙunƙuni.

Doka ɗaya ce a wurin ba tata ba, ta Malam ce. Malam mutum ne mai cusa takardu a aljihu, ya kuma san tawadarsa ta gawayi da ƙaro ce, ruwa kaɗan ke ɗauke ta. Ya ce mata kada riga ta shiga randa sai ta lalube aljihu. In ta sami takarda ta kawo masa. In ya duba ya ga ba ya bukata, yakan miƙo mata ya ce ta wanke rubutun a ƙoƙo ta sha, don sunan Allah ba ya zama a ƙasa. Laraba ba ta karatu. A wurinta duk abin da hannun Malam ya rubuta addu'a ne, ta kuma sha irin wannan ba adadi tana godiya.

Shekara guda kafin zuwan Nasara, wato Turawa, aka aurar da Rabi, 'yar Malam, zuwa Kalgo. Aka haɗa mata tasoshi da tabarmi da adudu, aka haɗa da Jummai, tana da shekara goma sha biyu, don ta riƙa taya amarya aiki. Ba a tambayi Laraba ba, kamar yadda ba a tambayi tabarmin ba. Ranar Alhamis ce ma aka tashi, tana tsakiyar bugun rigunan Juma'a. Ta raka su bakin ƙofa da mabugi a hannu, ta dawo ta ƙarasa.

Daga Gwandu zuwa Kalgo tafiyar kwana biyu ce a ƙafa. Tun daga ranar babu abin da Laraba ke so a duniya sai ta yi tafiyar nan ta zauna kusa da 'yarta.

Da Nasara suka zo gari ya rikice, bayi da yawa suka kama gabansu, wasu gonaki suka kwana babu mai noma. Laraba ba ta gudu ba. Ina za ta? Kalgo kaɗai take so, Kalgo kuwa gidan 'yar Malam ne, kafin ta sha ruwa an juyo da ita. Hanya ɗaya ce gare ta, a 'yanta ta, ta fita ta ƙofar gida da rana tsaka. Ta sami Malam ta durƙusa ta roƙa. Malam ya ji daɗin yadda ba ta bi 'yan gudu ba, ya ce ya yi alkawari, bayan Sallah.

Sallah ta wuce ya ce bayan kaka. Kaka ta wuce ya ce bari a yi auren wane. Ana ce mini Malam Sambo mutumin kirki ne, ni ma ban musa ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Amma mutumin kirkin nan duk Juma'a yana saka rigar da in ya shiga masallaci sai an waiwayo, ya kuma san hannun da ya mai da ita haka. Alkawari kaya ne, shi dai Malam ya iya ɗaukar nasa shekara biyar bai ji wuyansa ya gaji ba.

A shekara ta shida jikinsa ya fara gaya masa gaskiya. Wata ranar Laraba da hantsi yana zaune a zaure tare da maƙwabcinsa Lawali maɗinki, ya jawo tawada ya rubuta takarda, ya karanta wa Lawali: ya 'yanta Laraba saboda Allah. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai nemi shaida na biyu su je gaban alƙali, sannan ya kira ta ya gaya mata. Ya ninke takardar ya saka a aljihu. Washegari da sassafe Lawali ya tafi Dalijan duba ƙanensa da ba shi da lafiya. Kafin azahar Malam ya faɗi a zauren nan, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Al'adar gidan ce ranar uku a wanke tufafin mamaci a ajiye, ranar bakwai a bayar sadaka. Aka kwaso kayan Malam aka zube wa Laraba. Ta yi kuka kwana biyu, kuka na gaske, don duk da komai shi ta sani a matsayin uba, ga shi kuma ya tafi da alkawarinta a bakinsa. Ta ɗauki rigar da ya faɗi a cikinta, ta sa hannu a aljihu yadda ta saba, ta ji takarda.

Wanda ake kai wa takarda ba ya nan. Atiku yana zaure cikin maza yana karɓar gaisuwa. Da ta shiga cikin gida da an sami mai karanta mata, don matan gidan Malam ba jahilai ba ne. Amma ta san in ta nuna karɓewa za a yi. Kowa a gidan zai gaji wani abu na Malam, wannan littafi, wancan gona, ita kuwa tana cikin abin da za a raba. Ga rubutunsa na ƙarshe a tafin hannunta, ba wanda ya gani. Ta ce a ranta wannan addu'ar tata ce, ko albarkacinta Allah ya buɗe mata hanyar Kalgo. Ta ɗebo ruwa mai kyau daga randar ɗauraya, ta wanke takardar a ƙoƙo har ta yi fari, ta fuskanci gabas ta yi bisimilla ta shanye. Shekara arba'in tana laluben aljihun mutane, wannan ne kaɗai abin da ta taɓa ɗauka ba a ba ta ba.

Ranar sadakar bakwai Lawali ya dawo. Bayan an yi addu'a ya ja Atiku gefe ya gaya masa abin da ya gani. Aka ɗauko rigar daga adudu, a wanke, a buge, aljihu ba komai. Aka kira Laraba ƙofar zaure, ta durƙusa daga waje.

Atiku ya ce, "Inna, da kinka wanki rigar Baba, kin iske takarda aljihu?"

Da ta ce a'a, da an ce Lawali ya ruɗe, ko takardar ta faɗi wani wuri, a yi ta nema. Amma Laraba ba ta iya ƙarya ba.

Ta ce, "Na iske."

"Tana ina?"

"Na wanke na sha, awa yadda Malam ka ba ni."

Lawali ya dafe kai ya yi salati. Ita ba ta gane ba, ta zaci faɗan sata za a yi mata, ta fara ba da haƙuri. Lawali ne ya yi ƙarfin halin gaya mata.

"Laraba, takardar ɗiyaucinki ta. Gabana yar rubuta ta. 'Yancinki na kinka sha."

An ce ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu ta dafe cikinta, ta daɗe a haka, sannan ta tambaya ko Lawali ba zai iya faɗa wa alƙali abin da ya gani ba.

Ya faɗa. Alƙali ya saurare shi, ya ce shaida ɗaya ba ya 'yanta bawa, ga shi babu rubutu. Amma ya ƙara da cewa magada na da iko su cika nufin mahaifinsu, kalma ɗaya ce, kuma lada ne. A rabon gado Laraba ta faɗa hannun Atiku. Kalmar nan ɗaya ta koma bakin yaron da ta goya.

Atiku bai ce a'a ba. Mutanen gidanmu ba sa cewa a'a, ba su da wannan rashin kunyar. Cewa ya yi, "Inna, ni ban ƙi ba. Ki dai dakata a samu wadda ka karɓa miki wankin. In kin tahi yanzu, wa ka yi?"

Aka ba ta mata biyu ta koya musu. Ta koya musu tsakani da Allah, don tafiyarta na hannunsu. Amma duk Juma'a Atiku sai ya ɗaga riga ya duba wuya ya ce wannan ba wankin Inna ba ne, a mayar. Da ni ne, wallahi da na bar jan goro a wuyan riga uku, na tsoma kore a ruwa, a gaji da ni a sallame ni. Laraba ba ta iya ba. In ta ga tabo hannunta ba ya barinsa, ko tana fushi. Kyan aikinta shi ya ɗaure ta, kuma kowa a gidan ya san haka, har da ita.

Haka aka yi shekara goma. Labarin Jummai yana zuwa a bakin fatake: an yi mata aure a can Kalgo, ta haihu, ta sake haihuwa, ta aiko da busasshen kifi. Sau biyu kacal ta zo Gwandu tare da Rabi, kowane zuwa kwana uku, kwana ukun ma a bakin randa suka yi shi suna hira suna matsar zannuwa. Laraba ta daina roƙon Atiku. Sai dai duk Sallah in ta kawo masa adudu takan tsaya kaɗan a ƙofa bayan ta ajiye, shi kuma ya dubi wani wuri har ta tafi.

Sai shekarar mura mai kisa, wadda ta shigo da sanyin bayan kaka ta kwashe mutane gida gida. A gidanmu mutum biyar suka tafi cikin kwana ashirin. Matan nan biyu da ta koya wa wanki ɗaya ta rasu, ɗaya tana kwance. Jadawalin Laraba ya rushe, babu Asabar babu Talata, shimfiɗun marasa lafiya da tufafin matattu ne kawai ke tulewa a bakin zana, ita kaɗai tana jan guga tun fitowar rana, hannu cikin ruwan sanyi da toka. A tsakiyar wannan ne ɗan aike ya zo daga Kalgo da gaisuwar mutuwa. Cikin waɗanda ya lissafa har da Jummai.

Atiku ya ce kada a gaya mata tukuna. In ta zauna makoki yanzu, gidan zai nutse cikin ƙazanta, a bari cutar ta lafa. Wataƙila a ranar yana da hujja, ban sani ba, ban ga abin da suka gani ba. Abin da na sani shi ne cutar ta lafa, aka yi wata ɗaya, aka yi biyu, kowa na jiran wani ya faɗa. Tun ana jin tsoron tashin hankalinta har aka koma jin kunyar daɗewar. Mata suna wucewa ta wurinta su gaishe ta da aiki, ta tambaye su ko an ji labarin Kalgo, su ce lafiya lau.

Hannuwanta ba su warke daga wannan sanyin ba. Fatar ta tsattsage, yatsun suka ƙage, har ta kai ba ta iya matse ko ɗankwali. Ta gwada bugu, mabugi ya suɓuce ya fasa randar jiƙo. Aka yi Juma'a uku Atiku na saka wankin wasu, bai mayar ba.

Ranar ƙaramar Sallah, farkon damina, kakana Atiku ya tara mutane a zaure. Ya kira shaidu, ba biyu ba, huɗu. Ya ce ya 'yanta Laraba saboda Allah, ladan ya kai kabarin mahaifinsa. Aka yi addu'a, aka yaba masa, aka ce ɗa na halas ya cika alkawarin uba. Har yau a zuriyarmu ana ba da labarin wannan alherin, kuma ni duk lokacin da na ji shi sai abinci ya fita raina. Ya ba ta sabon zane, ya ba da jaki, ya sa wani manominsa mai suna Ɗanjuma ya kai ta Kalgo. Gida duka aka fito rakiya. Mutum ashirin suka tsaya a ƙofa suna cewa ta sauka lafiya, babu wanda ya gaya mata rasuwar Jummai.

Ɗanjuma sabon zuwa ne gidan, shi ma bai sani ba, daga bakinsa kuma sauran labarin ya fito. Ya ce bai taɓa jin tsohuwar ta yi magana mai tsawo ba sai a hanyar nan. Ta gaya masa sunayen jikokinta. Ta ce ba za ta zauna a ɗakin Jummai ba, kada ta takura wa surukinta, 'yar bukka za ta sa a yi mata a gefe. Ta ce hannunta ya mutu amma bayanta na nan, tana iya goyo.

Suka isa Kalgo rana ta biyu da la'asar. Rabi ce ta fito, ita ma ta manyanta. Ta ga Laraba a kan jaki tana murmushi tana leƙen bayanta, sai ta tsaya cik.

Laraba ta ce, "Rabi, an sallame ni. Ina ɗiyata?"

Rabi ta dubi Ɗanjuma, ta dubi tsohuwar. "Inna, ba a hwaɗa miki ba?"

"Mi?"

"Mun aika. Tun cikin sanyi munka aika. Wata bakwai ke nan."

Ɗanjuma ya ce shi ya sauko da ita daga jakin. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Aka kawo ruwa ba ta sha ba. Aka kawo jikokin, yara biyu, suka gaishe ta daga nesa yadda ake gaida baƙuwa, ta dube su ta sa musu albarka. Can ta tambaya wata bakwai daga yaushe, Rabi ta gaya mata. Ta yi ta lissafi da yatsun nan nata, har ta gano kwanakin, ta gano abin da take yi a cikinsu da waɗanda ke wucewa suna gaishe ta.

Sannan ta ce a kawo mata wani abu na Jummai, ko mene ne.

Yawancin kayan an bayar sadaka. Zane ɗaya ya rage, saƙi, wanda Jummai ta fi ɗaurawa, an ajiye wa 'yarta. Rabi ta ɗauko shi a ninke. Laraba ta karɓa da bayan hannu, ta buɗe, ta kifa fuskarta a ciki. Ta shinshina tsakiya, ta shinshina gefe, ta bi bakin zanen inda ake sokewa a ƙugu, ta juya shi ta sake bi.

Ta ɗago ta ce, "Wa yaw wanke shi?"

Rabi ta ce, "Ni da kaina, Inna. Ran uku."

"Babu ta ciki," in ji Laraba. Ta ninke zanen gida huɗu ta ajiye a gefen tabarma. "Kin iya wanki, Rabi."

Da safe Ɗanjuma ya ɗaura wa jaki akumari ya zo sallama. Ya durƙusa ya tambaye ta me zai ce wa mutanen gida. Ya ce ya jira har ƙafarsa ta yi sanyi, ya sake tambaya. Haka ya juyo Gwandu, Laraba ba ta ba shi gaisuwar ko mutum ɗaya ba.